Yarinyar da Aka Ce Ta Ɗaure Ruwan Matameye

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da wani maƙwabcina mai gyaran rediyo da ya ce shi ma yana da sabga a Matameye. Ban yarda da sabgar nan tasa ba ko kaɗan. Sai da ya jiyo ni ta katanga ina waya da Yayana sannan ya tuna yana da wata gwaggo a can da ya shekara goma bai gaida ba. Na ƙyale shi ya biyo ni, don ko na hana shi zai riga ni isa.

Ku da kuke bibiyar rubutuna kun san ni mushe ne, wato malamin firamare, a Damagaram, kuma ba na barin gari lokacin hutun bakansi sai da babban dalili. Dalilin wannan karon 'yar wana ce, Balkisa, wadda ta ci jarrabawar birebe bana, ana shirin ta shiga lise, babbar sakandare. Ubanta yana Kano ci-rani. Da damina ta kankama da tuni ya dawo gona, amma ruwa ya ƙi sauka, ya ce ya dawo ya yi me. Shi ne ya kira ni yana magana ƙasa-ƙasa: "An ce yarinyar nan tana wasu rubuce-rubuce tana liƙawa a gida, har da rijiyar unguwa. Mutane sun fara cewa ita ta ɗaure ruwa. Kai ne ka yi boko, je ka gano mini. In abin banza ne a ƙone takardun, a karɓe salular, lakwal kuma ta ƙare daga nan. Abin da ka faɗa mini shi zan yi." Wato karatun yarinya kacokan aka ɗora a kan harshena.

Matar Yaya ta turo mini hoton takarda ɗaya ta waya, na kwana biyu ina juya shi. Ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Ya ɗan so ya yi kama da rubutun Buzaye, amma ba shi ba ne. 'Yan da'irori ne da sanduna aka shirya gida-gida, sak hatimin da malamai ke zanawa a gindin allo. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na tsorata.

Kuɗin mota ya hau. Direba ya ce tsadar isansi ce, wato man fetur, mu muka ce kwaɗayi ne, aka tashi kowa da gaskiyarsa. An cusa mu har mutum bai san ƙafarsa daga ta maƙwabcinsa ba, aka kuma ɗaure awaki biyu a sama suna ta yi mana kuka a ka. Daga fitowarmu gari har Tirmini ban ga kore ba sai na itatuwan dogon yaro. Gonaki an share su fes, wasu an yi binne ana jiran ruwa, tsuntsaye kuma suna bin layi suna tono abin da aka binne. Shanun da muka wuce, mutum zai iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. A da motar Matameye gidan gardama ce, daga siyasa har ƙwallo, amma tun da sojoji suka karɓi mulki kowa ya koyi kallon taga. Wani dattijo ya fara cewa, "Ai wannan fari da..." sai ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙarasa da "Allah dai ya kyauta."

Da muka hango shingen sojoji kafin Takeita sai na tuna da hoton nan a wayata. Kullum rediyo cewa take a sa ido a kan baƙi da masu leƙen asiri, ga ni kuma da rubutun da ba zan iya cewa ga ma'anarsa ba. Abokin tafiyata ya matso da baki kunnena ya ce shi tun farko ya san saƙon sirri ne, irin wanda ake aika wa jiragen sama. Kafin mota ta tsaya na goge hoton. Sojan bai ma tambayi waya ba, katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa, kawai ya duba. Ni da nake cin abinci da Faransanci, sai na tsinci kaina ina gaida shi da Hausa tsantsa har da "ranka ya daɗe", don yanzu ba a san yadda gaisuwar Nasara za ta sauka a kunnen mai bindiga ba.

A Takeita, inda hanya ke karyawa kudu, muka tsaya karyawa mu ma. Na sayi fura, na leƙa ƙwaryar na ga fuskata a ciki. Na tambayi mai furar ko hatsin ya je ci-rani ne shi ma, ta ce in je kasuwa in tambayi kuɗin tiya sannan in dawo mu yi magana. Ƙosan kuwa ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an shiga. A Kance muka sayi rake, wanda ƙasar nan ke taƙama da shi. Gaɓoɓinsa gajeru, ka tauna ka tauna, ruwan bai kai cokali ba.

Da hantsi muka sauka Matameye. Manyan motoci jere a bakin hanyar iyaka, direbobi kwance a ƙarƙashinsu, 'yan canji suna gyangyaɗi a kan benci. Rabin mazan unguwarmu suna Kano ko Legas, sai mata da tsofaffi. An ce sau biyu ana fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, tsofaffin mata har sun zaga gari da kayan maza kamar yadda aka gada, ruwa shiru. Da kabu-kabu ya ajiye mu a ƙofar gida na lura matan da ke dawowa daga rijiya suna ratse wa gidanmu, suna bi ta ɗaya gefen lungun.

Ina shiga na gansu. Takarda a jikin ƙofa, takarda a randa, a turmi, a rumbu, a bakin murhu, har a turken akuya, duk an manna da ƙaro. Mu nan in ka ga rubutu a saman ƙofa ko a gindin rumbu ka san abin da ake nufi, ba a sa shi don ado.

Na fara zuwa gaida Inna, mahaifiyarmu, tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Inna Babarbariya ce, daga gabas wajen Gure aka kawo ta, ta yi shekara hamsin tana Hausa kamar kowa. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya mutu, Hausar kuma ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage a bakinta Barbarci ne, shi ma a lauye, kuma cikin 'ya'yanta ba wanda ya riƙe shi. Wani mai magani ya gaya wa Yaya cewa hira take da mutanenta da suka riga mu gidan gaskiya, in ana amsa mata za a ƙara tura ta wajensu. Tun daga nan Yaya ya kafa doka, kada wanda ya amsa. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta yi wata doguwar magana tana kallon idona. Na juya na ce wa matar Yaya, "Yau kam jikin ya ɗan motsa," na tashi.

Ko ruwa ban gama sha ba sai ga Hajiyar maƙwabta da shaidarta a ƙulle cikin tsumma. Takarda ce da ta tsinta ɗaure a igiyar guga, kuma ta rantse da tsinke ta ɗauko ta, ba ta taɓa da hannu ba.

"Mushe, kai ka yi boko, amma na riga ka ganin duniya," in ji ta. "Sau uku hadari yana haɗowa baƙi ƙirin daga gabas, sai yarinyar nan ta hau tudun bayan unguwa, igiya a kunne, baki yana motsi, hannu yana kora. Kafin a jima hadari ya watse. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ni jikokina tara, rumbuna ya kusa ƙasa."

Ban yi mata dariya ba. Mace mai baki tara a gida tana da damar neman wanda za ta tuhuma.

Aka kira Balkisa. Siririya, mai sanyin murya, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ladabin ya yi mini yawa. Shekara ashirin ina koyarwa, na san ranar da aka fasa taga, wanda ya fi kowa ladabi shi za ka fara tambaya. Na nuna takardar randa na ce mene ne wannan.

"Koriyanci ne, Baffa. Sunan ruwa ne. Mul."

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. A waƙa na ji."

Ta ce wata ƙawarta a koleji ce ta tura mata waƙoƙin matasan Koriya, ta ji sun shiga ranta, ta gaji da rera abin da ba ta san ma'anarsa ba. Sai ta fara bin fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan hoton, da ɗan Turancin lakwal da wanda take tsinta a bakin ubanta in ya dawo daga Kano. Haruffan kuma ta ce sati biyu suka ɗauke ta. In ta kama kalma sai ta rubuta ta manna a jikin abin, don kullum ido ya riƙa faɗawa kanta. Ni ban taɓa jin an koyi yare ba malami ba, don haka na yanke a raina cewa akwai namiji a bayan zancen nan. Na ce, "Wane ne shi?" Ta ce wa? Na karɓi salular na miƙa wa abokin tafiyata, wanda har lokacin bai nemi gidan gwaggonsa ba. Ya buɗe bayanta, ya leƙa, ya shinshina, ya ce a iya saninsa ba na'urar aika saƙo, amma fa na zamani ba a ganinsu.

Na duba hotunan da kaina. Samari ne, ko 'yan mata, Allah ya sani, gashi wani ja wani toka-toka, leɓe yana sheƙi, suna tsalle a tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Na bincike saƙonninta kaf, ban sami kowa ba sai ƙawaye biyu da ubanta. Hakan bai kwantar mini da hankali ba, cewa na yi ta iya gogewa, tun da ni ma da safen nan na goge nawa.

Sai na yi irin ta mushe. Na ɓamɓare takardun duka, sun kusa arba'in, na sa wa kowace lamba a baya da alƙalamin bik. Na riƙa ɗagawa tana faɗin ma'ana ina rubutawa a littafina na kaye, ƙofa, wuta, gero, akuya. Na kulle su a jakata na ce gobe a gaban Malam Liman za a sake, a cakuɗe. Mai ƙarya ba ya tuna ƙarya arba'in a jere.

Bayan la'asar na mayar mata da salular da gangan, na yi kamar zan shiga gari, na laɓe a bayan wata kuka. Ai kuwa sai ga ta ta nufi tudun. Gabas ta yi duhu, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, har na ji ƙamshin ƙasa. Balkisa ta tsaya a ƙololuwa, ta ɗaga waya sama tana juyawa, sannan ta sa igiyar sauraren salular a kunne. Baki ya fara motsi. Hannu ya tafi dama, ya dawo, ya ture iska gaba sau biyu, kafaɗa ta karye. Jama'a, ina tsaye ina kallo hadarin nan ya yage biyu, rabi ya yi kudu wajen Kurni, rabi ya narke. Ni mai koya wa yara yadda girgije ke haɗuwa a aji, sai da na karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Malam Liman ya zo, tsoho mai magana a hankali, Hajiya ta zauna daga gefe da tsummanta, matar Yaya tana bakin madafa ido ya yi ja. Inna tana wurinta na kullum, ba wanda ya kula da ita. Malam ya juya takarda ɗaya sama da ƙasa ya ce hatimi dai ya san shi, da lissafinsa da sunayensa, wannan ba shi ba ne. "Amma abin da ban sani ba," in ji shi, "ba zan wanke shi ba, ba kuma zan ƙona shi ba."

Na cakuɗa takardun, na riƙa zarowa. Ta faɗa, in duba kaye. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Na tambayi zancen tudu, ta ce nan ne kaɗai rezon waya ke kamawa a unguwar, kuma sai bayan la'asar take gama aikin gida, hannun kuma rawar waƙar ce take koyo. Takardar rijiya ta ce sunan guga ne, ta ɗaura a nasu, aka yi musayar guga a bakin rijiya.

"Haddacewa ta yi," in ji Hajiya. "Aku ma yana haddacewa. Wa zai shaida abin da ta ce shi ne a rubuce? Kai ka iya? Malam ya iya?"

Gaskiyarta. Daga Kance har Icirnawa ba mai jin Koriyanci da za a kira. Ina juya takardar randa a hannuna ina neman abin cewa, sai idona ya faɗa kan abin da ya kamata in gani tun jiya. Layi biyu ne a kowace takarda, kuma kalma ɗaya take faɗa mini. Na duba sauran, duka haka. Na ji wani irin daɗi marar kyau, irin na wanda ya kama ɓarawo.

"Na saman kike karantawa," na ce. "Na ƙasan fa?"

Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, ta dubi uwarta, ta yi shiru. Hajiya ta gyara zama. Na ɗaga murya na ce wannan shirun shi zan kai wa ubanta, kuma ta san abin da ya ce game da lakwal. Hawaye ya zubo mata, ta ce, "Baba ya hana." Malam Liman ya ce, "Karanta, 'yata. Ni na ɗauki laifin."

Ta share ido, ta dubi takardar, ta ce, "Nji."

Daga bayanmu muka ji motsi. Inna ce ta ɗago hannunta mai lafiya, ta miƙa yatsa tana nuna randa.

Malam ya karɓi takardun daga hannuna, ya zaro ɗaya daga tsakiya ya miƙa. Balkisa ta ce, "Kannu." Yatsan Inna ya koma kan murhu. Na duba lambar a kaye, wuta. Ya sake zarowa, Inna ta nuna akuya. Ya sake, ta nuna ƙofa. A ta biyar Inna ta tsuke fuska, ta yi tsaki, ta maimaita kalmar da ƙarfi har sau biyu, Balkisa ta gyara, sannan tsohuwa ta nuna turmi. Rabon da in ji tsakin nan tun kafin ta faɗi, kuma shi ne dai wanda ta raine mu da shi.

Balkisa ta yi bayani tana shessheƙa. Ta ce ita ke kai wa Inna abinci, kullum tana jin wasu kalmomi suna dawowa, kamar yadda suke dawowa a waƙa. Sai ta ce a ranta, in ta iya kama na mutanen da ba ta taɓa gani ba, me zai hana ta kama na kakarta. Ta fara ɗaga kofi, Inna ta faɗi suna, ta ɗaga tsintsiya, Inna ta faɗa. Ta rubuta su da haruffan Koriya a ƙasan kowace takarda, don kada wani ya karanta ya kai wa Baba, don kuma hannunta ya saba da haruffan. Shekara guda ke nan suna hira in gida ya yi shiru. Malam ya tambaye ta yaruka nawa ke nan a kanta, ba sa rikicewa? Ta ce kowanne da wurin zamansa, Hausa a murhu, Faransanci a lakwal, Larabci a islamiyya, Turanci a waya, Koriyanci a tudu, Barbarci a ɗakin Inna. Wanda ta kwana biyu ba ta leƙa ba sai ta ji ya fara yi mata baƙunta.

Muna cikin haka Inna ta dube ni, ta yi doguwar maganar nan tata ta jiya, da irin muryar, da irin kallon. Na ce wa Balkisa me ta ce. Ta ce ba komai. Na ce ta faɗa.

"Cewa ta yi, ka ci abinci? Ta ce ka rame." Ta dubi Inna. "Ta ce duk zuwan da ka yi sai ta tambaye ka, kai kuma sai ka juya ka yi wa Mama magana ka tashi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Shekara biyu ina aiko da magani daga Damagaram, ina gaya wa abokai cewa tsohuwa ta rikice, ashe tambayata take ko na ci abinci. Kuma yaren nan ba baƙona ba ne, da shi aka goya ni. A lakwal na yar da shi, lokacin da ake rataya wa yaro ƙashin jaki a wuya in an ji ya yi wani yare ba Faransanci ba, a unguwa kuma yara suna kwaikwayon maganar Inna suna dariya. Na daina amsa mata da shi tun ina aji uku, har ta gaji ta daina yi mini. Da na zama mushe ni ma na rataya wa 'ya'yan wasu ƙashin nan. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma yi kuka a gaban Liman da matar wana.

Na ce wa Balkisa ta gaya mini yadda ake cewa na ci. Ta faɗa, na maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Inna ta yi tsaki ta gyara mini. Na sake, ta yi dariya da rabin bakinta har tana tari.

Malam Liman ya ce layin ƙasa ya sami shaida, kuma yarinyar da ta yi gaskiya a ƙasa bai ga dalilin da za ta yi ƙarya a sama ba. Ya ce ruwa na Allah ne, ba a ɗaure shi da takarda. Amma ya sa sharaɗi, kada a sake kai rubutu rijiya, kuma in hadari ya haɗo a bar tudun nan, don a zauna lafiya da maƙwabta. Hajiya ta tashi ta kakkaɓe zani ta ce ita dai ta ga abin da ta gani. Tsummanta ta bar shi a nan.

Saura in gaya wa Yaya. Na zaga gidan kaf ba rezo, dole na nufi tudun. Ina isa gabas ta fara duhu. Ga ni tsaye a ƙololuwa, babbar riga tana kaɗawa, na ɗaga waya sama ina juyawa dama da hagu, ina ƙunƙuni ina tsine wa rezo. Da na waiga sai na hango Hajiya a kan katangarta ta riƙe haɓa tana kallona. Hadarin ranar ma bai zubar ba, don haka ina jin yanzu mu biyu ne a littafinta.

Da waya ta shiga na ce wa Yaya takardu ba za a ƙone ba, Balkisa kuma za ta shiga lise ko da ni zan sayar da babur ɗina. Sannan na gaya masa abin da Inna ke cewa shekara biyun nan. Sai ya ce, "Ni fa? Me take ce mini?" Na ce ya dawo ya tambayi 'yarsa.

Kada ku ce na sallama gaba ɗaya. Na zaunar da Balkisa na sa ta fassara mini waƙa guda daga farko har ƙarshe. Ta ce wai kada ka karaya, gobe ma rana ce, ka riƙe mafarkinka. Na ce duk tsallen nan da jan gashin nan a kan wannan ne kawai? Ta ce eh, tana kallon ƙasa. Ina da yaƙinin ta tsallake wasu layuka, kuma na gaya wa uwarta ta riƙa sa ido.

Rana ta uku da sassafe muka juyo. Abokin tafiyata bai ga gwaggonsa ba, ya ce an ce ta ƙaura. Tun daga Kance yake yi mini bayanin cewa shi dama bai taɓa zargin yarinyar ba, ƙawar nan da ta tura waƙoƙin ce ya kamata a bincika. A shingen sojoji na zaro katin dantite sai takardar randa ta biyo shi, don Balkisa ta ba ni ita da za mu rabu. Sojan ya ɗauka ya juya ta kai ƙasa, ya ce, "Laya ce?" Na ce a'a, sunan ruwa ne, na sama da yaren wasu mawaƙa, na ƙasa da yaren uwata. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya miƙo mini ya ce mu wuce.

Mun shigo Damagaram da azahar, gari ya yi zafi, kuran, wato wutar lantarki, babu. Na nemi ƙaro na manna takardar a randar gidana. Maiɗakina ta tsaya tana kallona ta wutsiyar ido, na ce ta zauna in ba ta labari kafin ita ma ta kira Liman.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Na tafi in binciki yarinya a kan yaren da ta ɗauko daga nesa, na tarar ni ya kamata a bincika a kan wanda na yar a cikin gida. Har yau da nake rubutun nan ruwa bai sauka a Matameye ba, kuma matan unguwa ba duka suka daina ratse wa ƙofarmu ba. Balkisa yanzu da hantsi take hawa tudu, lokacin da sama take fes. Jiya ta ɗauki muryar Inna a ɗaki ta hau ta turo mini. Tambayar nan ce dai. Na saurara sau biyar, na rufe ƙofa don kada yara su ji ni, na danna waya na amsa mata da bakina.